Ɗan Ƙanwata Ya Karɓe Mini Jama'a

Malam Ɗanmaliki,

Don Allah ka taimake ni da shawara, don abin da ke cina ba zan iya faɗa wa kowa a garinmu ba. Ni tela ne a Kankiya, na manyanta. Tun kafin a sami mulkin kai an san bakina. A zamanin siyasa na tsaya tsakiyar kasuwa na faɗi zaluncin wani mai karɓar haraji, aka kama ni, aka yi mini bulala, aka kulle ni tare da abokina Gajere. Har yau idan damina ta sauka bayana ciwo yake yi. Bayan nan duk wanda aka zalunta, daga Kafinsoli har Kusada, rumfata yake zuwa.

Ina da ɗan ƙanwa, Ma'aruf. A gindin kekena ya tashi, a bakina ya fara jin kalmar haƙƙin talaka. Yaro ne mai zafin kai, ba ya iya gardama sai ya kai hannu. Da kuɗin man fetur ya zo gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ya tafi Zariya karatun shari'a. Ni na ɗinka masa kayan tafiya.

Malam, yaron nan ya dawo hutu wani mutum daban. Ba ya ɗaga murya. Sai ya bar ka ka gama, sannan ya amsa, kuma amsar ta zauna. Ni da furfurata ban iya wannan ba.

Bana wani ɗan kwangila ya zagaye wata fadama da waya a wajen Mawashi, inda mutane ke noman rani tun kakanninsu. Suka zo wurina kamar kullum. Na ce mu tafi gaba ɗaya mu tumɓuke wayar. Ma'aruf yana zaune a ƙasa, ya ce Kawu ya yi haƙuri, in aka taɓa wayar mu za a ɗaure, mutumin ya koma mai gaskiya. Ya ce a tara dattawan da suka san iyakoki a kai ƙara. Cikin ladabi ya faɗa, amma a gaban jama'a ne, kuma suka bi shi. Har Gajere, wanda muka kwana ɗaki ɗaya a kurkuku, yanzu komai ya taso sai ya ce a tambayi yaron.

Kullum bayan la'asar yana tara manoma a zauren uwarsa yana koya musu abin da doka ta ba su. Sau da yawa ya zo ya durƙusa ya roƙe ni in je. Nakan ce ina da ɗinki. Daga rumfata nake hangen takalmansu a ƙofar zauren, raina yana ƙuna. Makon jiya na ce wa wasu dattawa su yi hankali, wanda gwamnati ke ciyarwa ɗan gwamnati ne. Yanzu na ji sun fara ja da baya kan ba da shaida, ga shi bayan salla za a zauna a kotu. Ƙanwata Kubura, uwarsa, ba ta sani ba tukuna.

Shin nan gaba neman adalci ya zama na masu takardar shaida kaɗai? Mu da muka sha bulala fa? Ina son yaron nan, wallahi, amma in an yabe shi ba na iya cin tuwo.

Tsohon Tela, Kankiya

Baba Tela,

Sunan abin nan hassada, kuma na ga ka riga ka sani. Ban raina zafin da kake ji ba. Ka ba da fatar bayanka a lokacin da ba wanda zai saurari talaka sai ya yi ihu, kuma ba daɗi mutum ya ga waɗanda ya tsaya wa sun wuce ƙofarsa. Shi ma Ma'aruf da ya ja ka gefe kafin ya saɓa maka, da ya fi. Wannan ƙuruciya ce.

Amma a kan waya shi ke da gaskiya. Zamani ya juya, masu ƙwace yanzu da takarda suke zuwa, sai an sami wanda ya san takarda. Wannan bai kore ka ba. Shi zai koma makaranta, shari'a kuwa tana jan lokaci, mutane za su gaji, za a tsorata wasu. Wa zai riƙe su? Wanda suka san ba ya gudu.

Abin da ba zan sassauta maka ba shi ne maganar da ka yi wa dattawan. Ba Ma'aruf ka cuta ba, shi digirinsa zai samu ko an ci ko an faɗi. Mutanen Mawashi ne za su rasa fadama. Tun kafin salla ka taka da ƙafarka gidan kowannensu, ka ce fushi ne ya sa ka faɗa, ka janye. Ka gaya wa yaron da bakinka kafin wani ya kai masa.

Sannan ka je zauren. Kada ka je a matsayin baƙo mai jawabi, ka zauna ka koya. Natsuwar da ka gani a jikinsa ba a Zariya ake rabawa ba, zama ya yi ya saurari abin da bai sani ba har zuciyarsa ta yi sanyi. Shekarunka ba su hana ka wannan ba. Ranar farko za ta yi nauyi, Gajere ma zai yi maka tsiya. Ka daure.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya mayar wa mutanen Mawashi fadamarsu, kana cikin waɗanda suka tsaya.

Malam Ɗanmaliki