Jarkar da Na Kai wa Hajiya Lailatu

Tandabawi, Makka
9 ga Rajab

Zuwa ga ƙanwata Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri? A takarda na rubuta wannan, hotonta zan turo miki, don in na faɗa da baki a waya yara za su ji.

Sau uku kina tambayata me ya sa mijinki ba ya ɗaukar waya, sau uku ina ce miki aiki ne. Ba aiki ba ne. Sabo giya yake sha, kuma shi yake haɗa abarsa a ɗakin da muke kwana, gidan da in ka hau samansa kana hango Harami.

Na daɗe ina ganin yana shigowa da katan-katan na lemon tuffa daga babban kantin Rusaifa, da sukari, da yis irin na masu burodi. Na ɗauka sana'a zai fara. Har na ce masa, "Malam Sabo, in an yi arziki a tuna da suruki." Ya yi dariya. Ashe a jarka yake juyewa ya tura bayan firiji, kwana kaɗan abu ya zama abin da ya zama.

Jarkokin nawa ne. Kin san abin da nake ci da shi shekara goma sha tara ke nan: ina ɗebo zamzam in kai wa tsofaffin unguwa da ba sa iya fita. Farare ne, ba a ganin ciki, duk kamarsu ɗaya. Ranar Litinin mai gyaran firiji ya zo ya jawo na Sabo cikin nawa. Ina sauri na ɗauki ɗaya na kai wa Hajiya Lailatu.

Ba ki san ta ba. A goye iyayenta suka zo da ita ta Sudan, da ƙafa. Ta haura tamanin, ba ta gani, kuma tun korona hancinta bai ƙara jin wari ba. Tana azumin Litinin. Da aka kira magariba ta tsiyaya da kanta, ta fuskanci alƙibla, ta yi addu'a, ta haɗiye.

Jikanta Abdulilah, haifaffen nan ne, ya shinshina ya gane, ya zo ya same ni da jarkar a hannunsa. Ya ce, "Ya ammi, wa ya cika wannan? Suna kawai nake so, bas." Ya ba ni zuwa Juma'a, in ba haka ba ya kai wa 'yan sanda. Iƙamar Sabo, takardar zamansa, ta mutu shekara huɗu. Ga giya a Makka, ga ba takarda: kurkuku ne, in sun gama da shi su jefo miki shi.

Ban taɓa yi wa tsohuwar nan ƙarya ba. Kuma na gaji, Ummu.

Yayanki,
Mahmudu

Kurna, Kano
11 ga Rajab

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida ɗawainiya. Na karanta a banɗaki, na goge hoton.

Yaya, kai ka san shi kafin ni. Mutumin da ko goro ba ya ci. Tun rasuwar Mujahida ne. A waya ya kalli yadda aka fita da 'yarsa, yana ta cewa a matso da wayar, a matso da wayar, don in ya taho ba zai iya komawa ba. Ni na samu mata sun cika mini gida kwana bakwai. Shi wa ya samu? Kai kana yawon jarka.

Ba wanke shi nake yi ba. Wallahi da na tuna tsohuwar nan sai da na kasa cin abinci. Amma Asma'u an kawo kuɗin gaisuwarta, Suhaila na biye da ita. A unguwar nan 'ya'yan mutumin Makka ake ce musu. In aka sauke Baban Mujahida daga jirgi da wannan sunan, wa zai sake taka ƙofar gidan nan?

Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi kada sunansa ya fito daga bakinka. Don darajar Inna, Yaya.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

Tandabawi
13 ga Rajab

Ummulkhairi,

Sallama da gaisuwa. An yi zaman jiya bayan la'asar.

Kafin mu fita na ce wa Sabo, "Ba zan ambace ka ba, kuma ba zan ce ni ne ba. Kana da baki." Ya ce to. Ya sa farar jallabiyarsa ya biyo ni, har na ji zuciyata ta yi sanyi.

Mun tarar da falon cike: 'ya'yanta, limamin unguwa, Abdulilah a tsaye bakin ƙofa. Liman ya yi mata bayani cewa ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Ta ce ta sani. Ta ce, "Malam, shekara tamanin ina tsaron bakin nan. Ba zunubin nake wa kuka ba."

Sai ta juyo inda ta ji numfashina. "Mahmudu, kai kake sha?"

Na ce, "Hajiya, ni na kawo jarkar, kuma daga ɗakina ta fito."

Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba, ɗan nan."

Na dubi Sabo. Gwiwarsa tana taɓa tawa. Na jira har fankar sama ta zama ita kaɗai ke magana. Mijinki yana kallon zanen kafet.

Ita ta raba gardamar. Ta ce wa jikanta wanda ya shayar da ita shekara goma sha tara ba za a kai shi hukuma da sunanta ba. Sannan ta ce a ba ni jarkokina, kada in ƙara shigar mata gida. Kafin isha'i gida shida su ma sun maido mini da jarkokina.

A hanya Sabo ya ce mini, "Allah ya saka da alheri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Zan yi masa adalci: da hannunsa ya tuttular da sauran a masai, yana kuka. Kin kuma yi gaskiya, lokacin Mujahida na yi masa ta'aziyya kwana uku na koma yawon jarkata. Wannan nawa ne. Sauran nasa ne.

Mahmudu

Tandabawi
2 ga Sha'aban

Ummulkhairi,

Ina gaishe ku. Sabo ya miƙa kansa gidan tarhil, inda ake tara masu komawa gida. Laifin takarda kawai aka rubuta masa. Nan da sati biyu yana Kano, ki tura a tarye shi. A sa ranar Asma'u.

Kada ki ce in biyo shi, ban da abin da zan zo na yi. Na samu dako a kasuwar kayan miya, lafiyata lau. Ina kuma zuwa masallacin unguwa kamar kullum. Yanzu in na shiga sahu ana ba ni wuri mai faɗi.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Mahmudu