Taku Biyu Tsakanin Hotuna

Litinin, 3 ga Maris

Mata shida yau, huɗu hoton kafin magani, biyu na bayan magani. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto a asibitin gyaran fata, a ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda: kujera ɗaya, farin bango, kyamara, fitila mai ƙafa uku. In hoton farko ne, fitilar tana gefe dab da kunci, kowane rami da kowane tabo sai ya yi inuwa. In na bayan magani ne, sai in jawo ta gaba in ɗan ɗaga ta, fuska ta fito sumul. Taku biyu ne tsakani. Ba wanda ya taɓa ce min in yi haka. Ba kuma wanda ya ce in daina.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ya sa an manna hotunana a bakin ƙofa, tallan sabon maganinsa, eksosom. 'Yar kwalba ce ba ta kai ɗan yatsa ba. Mata sai tururuwa suke.

A gida na bar kwamfuta a buɗe a kan tabarma da hotunan a allo, matata Maman Biyu ta gani. Ta daɗe tana kallo, hannunta a kan kuncinta na hagu, inda mai ya ƙona ta shekara uku da suka wuce. Tun daga lokacin ba ta ƙara tsayawa gaban kyamarata ba. Matar mai hoto, amma ba ta da hoto. Ko shago za ta, sai ta jawo mayafi ta wannan gefen.

Ta tambaye ni ko ni na ɗauka da hannuna. Na ce ni ne.

Laraba, 12 ga Maris

Na tare Anti Nas, ma'aikaciyar jinyarmu, tana wanke hannu, na tambaye ta wai shi wannan magani mene ne. Ta yi min kallon sama da ƙasa, ta ce yau kuma mai hoto ne da neman ilimi? Amma ta yi bayani. Wai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa, suna kai saƙo daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye an ga abin da ya ba da sha'awa. A jikin mutane kuwa, binciken da ta karanta bai taka kara ya karya ba: mutum ashirin ko talatin, wata biyu ko uku, da yawa kuma kamfanin da ke sayarwa ne ya ɗauki nauyi. Ga shi tare da wani inji mai ƙananan allurai ake yi, shi kuma injin ko shi kaɗai yana ɗan gyara fata. To wa ya yi aikin, allura ko kwalba? Ta ce ko abin da ke cikin kwalbar, na wannan kamfani daban na wancan daban, ita dai ba za ta rantse ba.

Na ce to me ke jawo matan nan haka?

"Hotunanka mana," in ji ta, ta goge hannu ta fita.

Na koma ɗakina na ci gaba da ɗaukar hoto har na tashi aiki.

Asabar, 15 ga Maris

Maman Biyu ta tada maganar ita ma a yi mata maganin nan. Na ce a bari sai zafi ya ragu. Ƙarya ce, ban san daga ina ma na samo ta ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Wata malamar makaranta da Likita ya yi wa allurar eksosom a ƙarƙashin fata ta dawo. Ƙulalai huɗu a kumatu, jajaye, masu tauri kamar tsakuwa. Wata biyu ke nan ba ta shiga aji ba, saboda kallon da yara ke yi mata. Na ɗaga kyamara, Likita ya ce wannan ba sai an ɗauka ba. Na ce to, ranka ya daɗe.

Daga baya Anti Nas ta ce min hukumomin lafiya a ƙasashe da dama ba su amince a yi allurarsa ba sam, shafawa kawai wasu ke yi. Hoton Malamar na bayan magani, wanda na ɗauka tun kafin ƙulalan su fito, har yanzu yana manne a bakin ƙofa. Ta wuce ta gabansa da za ta fita.

Talata, 25 ga Maris

Maman Biyu ta kawo min abinci wurin aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Na san da biyu ta zo. Likita ya gan ta a baranda, ya duba kuncin, ya ce zai yi mata kyauta in ta yarda a sa hotonta a talla.

A gida na yi ta kame-kame. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Biyu, in kunyar a san ni ce matarka kake ji, ka faɗa min kawai."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce: fitila nake matsarwa. Ta yaya zan ce mata aikin da nake taƙama da shi a gaban yara taku biyu ne? Na ce Allah ya sa a dace. Matsoraci ne ni, na rubuta a nan tunda ba mai gani.

Laraba, 2 ga Afrilu

Maman Biyu ta zauna a kujerata, ta cire mayafi da kanta. Na ajiye fitila a gefe kamar kullum. Ban taɓa ganin tabon haka ba, daga kunci har haɓa, kowane tudu da inuwarsa. Ta kalli allon kyamarar ta ce ashe haka mutane suke ganinta. Ba haka suke ganinta ba, ni na san ba haka ba ne.

Na roƙi Anti Nas kada a yi allura a ƙarƙashin fata. Ta ce inji da shafawa kawai za ta bari a yi, in Likita ya matsa za ta ce fatar ba za ta ɗauka ba. Ta ƙara da cewa roƙon da ya kamata in yi a gida yake, ba a wurinta ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Fuskar ta kumbura, ta saɓe. Kullum da safe tana gaban madubi tana juya kai. Ta fara waƙa in tana wanke-wanke, rabon da in ji haka har na manta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Zama na biyu. Gefen tabon ya fara duhu. Anti Nas ta ce baƙar fata takan yi haka bayan injin, wani lokaci ya washe, wani lokaci ya zauna. Likita ya ce alamar magani na aiki ke nan.

'Yan biyu sun ce wa uwarsu ta yi kyau. Ta kalle ni. Na ce ƙwarai kuwa.

Laraba, 25 ga Yuni

Sati goma sha biyu, ranar hoton bayan magani. Ta saka sabon ɗankwali. Na kama ƙafar fitilar zan jawo, hannuna ya ƙi. Na bar ta a gefe na ɗauka, na jera hotunan biyu a allo.

Tabon yana nan yadda yake. Abin da ya ƙaru kawai baƙin zobe ne da ya kewaye shi.

Ta kalli hotunan biyu. Sannan ta dubi fitilar, ta dubi ƙasa, inda ƙafafunta suka goge tayil suka bar sawu a wuri biyu, ɗaya a gefe, ɗaya a gaba. Ni ban taɓa lura da sawun nan ba sai yau.

"Na sauran matan a can kake ajiye ta," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Na ce eh.

"Tun ranar da na tambaye ka?"

Na ce tun kafin nan.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta gyara zama ta ce in matsar da ita gaban, tana son hoto ɗaya da za ta aika wa mahaifiyarta. Na matsar. Ya fito sumul, ya fi duk wanda na taɓa ɗauka kyau. Ta jawo mayafi ta rufe gefen hagu, har da ido, ta fita ba ta jira ni ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta cire madubin ɗaki ta kife shi a bayan ƙofa. Abinci na nan a kan lokaci. Ba waƙa.

Likita ya tambayi hotonta don talla. Na ce katin kyamarar ya lalace.

Litinin, 30 ga Yuni

Mata biyar yau, uku na bayan magani. Likita ya leƙo ya ce hotunan makon nan ba su yi armashi ba, me ya faru? Na ce ƙafar fitilar ce ta ƙage, ta ƙi motsi, sai an kira mai gyara. Ya tafi yana tsaki.

Anti Nas ta shigo neman almakashi, ta ga kusoshi ukun da suka kafe ƙafafun fitilar a gefe, sababbi fil, da guduma a ƙarƙashin kujera. Ta ɗauki almakashinta ta fita.

Ba wani abu ba ne, bayana ne ke ciwo da yawan jan ta. A gida har yanzu gefenta na dama take juyo min in za ta miƙo min ruwa.