Almakashin Askin Farko

Cochabamba, 21 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Benedicta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Casimiro da yara, yaya zafin Santa Cruz? Ina fatan tarin nan ya sake ki.

Ki taya ni yaba wayona. Shekara talatin ina sayar da dankali, ba a taɓa cusa mini ruɓaɓɓen buhu ba. To, wannan kan nawa ne ya gano likita bai san watan Agusta ba, watan da ake shayar da ƙasa giya. Ya ce ƙwayar amosanin gaɓɓai da nake sha duk Litinin ba ta shiri da giya, hanta za ta lalace. Shi ba a taɓa miƙo masa ƙwaryar giyar masara a tsakiyar kasuwa ba, a zuba wa ƙasa rabonta, a shanye saura. Wa ke mayar da ƙwarya? Sai na yi dabara: na ajiye ƙwayar, na ceci hantata. Sati ɗaya na ce. Bikin Urkupiña ya shigo, sati ya zama bakwai. Duk sanda kika bugo waya, sai in ce miki na sha ƙwayar.

Kin tuna Nemesia mai albasa, maƙwabciyar rumfata? Ni ta zaɓa in yi wa 'yarta askin farko, in zama uwar ɗakinta. Shekara biyu ba a taɓa gashin yarinyar ba, ni ake jira. Ran Lahadi aka taru, aka miƙo mini almakashi a faranti. Benedicta, yatsuna sun kumbura, sun ƙi shiga kunnen almakashin. Na tura, na murɗa, gumi ya keto mini, yarinyar ta fara kuka. Sai Remigia mai cuku, wadda ko gaisawa ba ma yi, ta ce, "Doña Eulogia, kawo in taya ki, kada gashin ya yi furfura muna jira." Aka yi dariya. Ita ta yanka. Ita ce uwar ɗakin yarinyar yanzu, har abada.

Ba wanda ya zarge ni. Sannu kawai ake yi mini, wai ciwo ba shi da imani. Ina amsawa, kaina a ƙasa.

Na koma shan ƙwayar tun Litinin. Jibi zan ga likita. Ki gaishe da kowa, kada ki faɗa wa Casimiro.

Yayarki,
Eulogia

Af, ke da kika fi ni karatu: in ya duba hannuna ya ce maganin ya gaza, in bar shi ya zargi ƙwayar da ta yi sati bakwai a gwangwanin sukari?