Ƙyaranar Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Ya ƙafar? Kar ki ce mini da sauƙi, na san halinki, ko ta kumbura kamar tulu haka za ki ce. Mu nan mun gode Allah.

Na kwaso kayan Auta daga ɗakin da yake haya, Allah ya jiƙansa. Ni kaɗai na je da mai mota, don Baban yara ya ce ba zai iya ba. Yaya, ɗaki kamar mai shi ya fita sayen burodi ne: takalmi ɗaya a bakin ƙofa, rigar aikinsa rataye a ƙusa. Na daure har sai da na ga ƙyaranar nan tasa a bakin taga. Kin tuna ta, mummunar abar nan mai ƙaya, ba ganye ba fure, wadda yake lallaɓawa kamar jaririya. Na taɓa zuba mata ragowar ruwan kofina, yaron nan ya fizge kofin, wai zan kashe masa ita, wai ƙishi ba ya yi mata komai, ruwa ne ajalinta. Na ce to Allah ya ba ka mata mai irin halinta. Ya yi ta dariya.

A hanya mota ta faɗa rami, tukunyar ƙyaranar ta fashe. Ina tsaye a tsakar gida da abu a hannu cikin tsumma, sai ga Baban yara ya fito. Mutumin da tun ranar da aka kai Auta bai leƙo ƙofar ɗaki ba, abinci sai na yi kamar zan yi kuka yake kai loma biyu. Ya ɗauko fartanya ya haƙa mata rami a jikin katanga.

Na tambayi matar da ke sayar da furanni a bakin titinmu. Ta ce abin da ya tashi a ɗaki bai san rana ba, in yi masa inuwa, in riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Ta ce in cakuɗa ƙasar da yashi da tsakuwa, kuma kada ruwa ya taɓa ta sai jijiyoyin da suka karye sun warke. Na ɗaura mata tsohon labulen falo a kan sanduna. Ki taya mu da addu'a ta kama.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanwarki.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an canza miki magani, Allah ya sa a dace. Ki daina hawa benen nan don Allah.

Ina cikin tsaka mai wuya. Baban yara ya tashi, amma kin san me ya tashe shi? Ban ruwa. Kullum da safe zai sa hula, ya cika bokiti a famfo, ya juye wa ƙyaranar nan har ruwa ya kwanta. Sai ya ja benci ya zauna kusa da ita, can ya ce ina shayinsa. Shayi fa, Yaya! Har burodi yake nema. Likita ya zo gida ya auna shi ya ce hawan jininsa ya sauka, mu ci gaba da duk abin da muke yi.

Na faɗa masa maganar mai furanni, na faɗa masa ta Auta. Ya dube ni ya ce ya riga ya bar ɗaya a cikin ƙasa ba mai ba shi ruwa, wannan kam ba zai bar ta ba.

Ba irin dabarar da ban yi ba. In ya shiga wanka sai in tone 'yar hanya ruwan ya gudu, in ƙara busasshen yashi, ƙaya duk ta cinye mini yatsu. Rannan haushi ya kama ni na ɓoye bokitin a bayan firji. Ya fito, ya duba bakin famfo, ya koma ɗaki. Ranar ko ruwa bai sha ba. Da gari ya waye ni da kaina na mayar da bokitin.

Yanzu gindinta ya soma yin rawaya, in na danna da cokali sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Ita kaɗai ce abu mai rai da yaron nan ya bar mana. Ina jin tsoro, kuma ban san wa zan fi ji wa tsoron ba. Ke ce babba, ki gaya mini abin yi.

Taki,
Ƙanwarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Ki yi haƙuri, ban jira amsarki ba.

Gindin ya yi baƙi, har wari ya soma. Mai furanni ta zo ta duba, ta ce saura kan ne kawai mai lafiya, in ba a yanke shi yanzu ba ruɓar za ta hau. A yanke, a ajiye a inuwa har bakin yankan ya bushe, sannan a dasa a busasshen yashi. Na san in na nemi izininsa ba zai yarda ba.

Shekaranjiya ya ce zai je aski. Fitarsa ta farko ke nan daga gidan. Yana juya baya na wanke wuƙa, na naɗe hannuna da buhu, na yanke. Cikin kan fari tas, ba ɗigon baƙi. Har hamdala na yi.

Ya dawo fes da shi, an gyara gemu, yana riƙe da sabuwar butar ban ruwa, irin mai ƙananan huji a baki. Ashe ya ji maganata, Yaya. Wai don ruwan ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan ya sayo ta. Ya tsaya a gaban kututturen nan ya daɗe. Na yi ta zuba bayani kamar rediyo. Da ma ya zage ni, da ma ya ɗaga murya. Ya ajiye butar a hankali, ya shiga ɗaki.

Na ɗora kan a faranti na kai masa har gado, don ya ga yana da rai. Ya juya fuska bango. Jiya na dasa masa wani fure mai son ruwa a ramin, na kira shi, bai fito ba. Shayi yana hucewa a inda na ajiye shi.

Kan yana nan a saman kabad ɗin kicin, bakin yana bushewa da kyau. Mai furanni ta ce babu shakka zai yi jijiya. Ita kam za ta rayu.

Ki zo, Yaya, ko da ƙafar. Ki taho da maigidanki, wataƙila ya ji maganar ɗan'uwansa namiji. Ni ya daina jin tawa.

Ƙanwarki.