Sifikun da Don Aristides Ya Kawo

Fabio,

Na zo na kwashe kayana kana wajen aiki. Na tafi da sifikun babana, kamar yadda muka yi a gaban lauya. Amfilifaya da garmaho naka ne, ban ɗauka ba.

Ina cikin ɗaure akwati sai ga Don Aristides mai shagon kayan sauti da sifiku iri biyu, wai ka ce ya kawo ka gwada. Bai san mun rabu ba. Ya ce, "Doña Nidia, ai ke ce kunnen gidan nan, zauna ki zaɓar wa maigida." Ban gyara masa ba. Na zauna, ya sa mana faifan kiɗan salsa.

Manyan baƙaƙen sun fi ƙarfin amfilifayarka, kafin waƙa ta ƙare ta ɗau zafi. Ƙananan na katako su suka dace da ita, har numfashin mai busa ana ji. Su za ka ɗauka. Kada ka manna su da bango.

Makulli yana wajen mai gadi. Gobe Don Aristides zai dawo jin wanda muka zaɓa. Kai ka faɗa masa mun rabu, ni na kasa.

Nidia