Ka Faɗa Mana Sunan Maganin

Zuwa ga Shehun Malami, masanin sinadaran ƙwaƙwalwa, ɗan ƙasar Tsafe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ka murna. Na ji a rediyo an karrama ka a ƙasar waje, an ce rubuce-rubucenka kan farfaɗiya sun zama abin karatun likitoci, har ɗalibanka ma sun zama malaman wasu. Ni malamar firamare ce a Bungudu, ban taɓa ganin rubutun nan ba. Amma na san jinin ɗana yana cikinsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. A shekarar da aka ba mu jiha ka zo Bilbis da mutanenka, kuka tara yara masu farfaɗiya, kuka ɗebi jininsu, kuka raba musu ƙwayoyi a farar takarda marar rubutu. Ɗana na fari yana cikinsu, wanda mahaifiyata ke riƙo a can. Ka gaya wa jama'a ba iska ba ce, ba sammu ba, wani sinadari ne ke tangarɗa a ƙwaƙwalwa. Wallahi ka yi gaskiya. Yaron ya daina faɗuwa, ya koma makaranta, waɗanda ke gudun cin tuwo da shi suka dawo akushinsa.

Na biyu. Ranar da ka zo gidan mahaifiyata ka yi wa iyaye bayani ina cikin gidan, amma a bayan danga na tsaya. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san uwa ba ta zama cikin mutane ta yi zancen ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kamawa. Inna ce ta zauna gabanka, tsohuwar da ba ta san bihim ba. Ka faɗi sunan maganin da Turanci, ta gyaɗa kai don girmamawa, kai kuma ka ɗauka ta riƙe, ni kuwa daga inda nake ban tsinci sunan ba. Da Bature ne ya yi haka, da na yi masa uzuri. Kai kuwa ka san mai karatun gidan tana jin tarinka, kuma ka san abin da ya hana ta fitowa.

Na uku. Da kuka gama kuka tafi, ƙwayoyin suka ƙare. Na bi shagunan magani na Gusau ina kwatanta kala da girma, kowa sai ya nemi suna. Asibiti suka ba mu wani, ya riƙa sa shi barci tsakar rana, faɗuwar kuma ba ta tsaya ba. Na aika maka saƙo ta hannun danginka a Tsafe, aka ce kana Turai. A daminar bara ciwon ya kama shi a bakin rafi yana wanke rigarsa ta makaranta. Ruwan ko gwiwa bai kai ba.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, ban ce kai ka kashe shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ilimin da ya fito daga jikinsa ya tsallake teku, amma ya kasa dawowa Bilbis.

Na huɗu, kuma dalilin wasiƙar nan. Ƙanwarsa ma ta fara faɗuwa. Na hana ta zuwa rijiya, na hana ta kusantar murhu, ina tafiya aji hankalina yana gida.

Ba diyya nake nema ba. Roƙona ka rubuto sunan maganin da yadda ake shan sa, ka aika wa likitocin Gusau, domin ba ni kaɗai ba ce, akwai iyayen Bilbis da ba su iya rubutu ba. In kuma ɗalibanka za su sake fita ƙauye, ka ce musu su leƙa bayan danga kafin su tafi.

Allah Ya ƙara maka ɗaukaka, Ya sa iliminka ya cece ka ranar gobe, Ya raya maka naka 'ya'yan. Shekaranjiya da yarinyar ta farfaɗo, ta tambaye ni ko ita ma kusa da yayanta za a binne ta. Ban ba ta amsa ba, taka nake jira.

Wassalam.

Uwar yaran,
Bungudu.