Jan Sikocin da Ka Naɗa a Wayar Rediyo

Malanbil, 7 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Adnan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Shamsiyya, ya kuma yi wa sana'arka albarka a can Kwatano. Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, ruwan kogi ya fara ja, Inna tana fama da gwiwa amma ba ta fasa zuwa kasuwa ba, Samiha kuma ta gama jarrabawa. Rasuwar Gwaggo Marka ka riga ka ji ta waya, Allah ya jiƙanta. Abin da ya biyo baya ne ba ka ji ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Na san halinka, in na kira ka dariya za ka yi ka ce Yaya ta fara, ka katse. Takarda kuwa sai ka kai ƙarshenta.

Ka tuna kwana uku bayan Babbar Sallah, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da maigidana, baban Samiha. Aka aiko daga ƙaramin gidan rediyon manoma inda yake kula da na'urori, cewa iska ta sa kwanon rufi ya goge baƙar wayar nan mai kauri da ke tashi daga na'urar watsa shiri zuwa antan, wato eriya, a saman dogon ƙarfe. Kai ka ce za ka je ka duba, tunda kana gyaran wutar gidaje. Ina zaune a bakin gado ya yi maka bayani da muryar mara lafiya. Ya ce wannan ba irin wayar da ka sani ba ce: tana da jan ƙarfe a tsakiya, farar roba ta kewaye shi, sai raga ta siraran wayoyi, sannan baƙar fata a waje, kuma tazarar da ke tsakanin jan ƙarfen da ragar ita ce ran wayar. Ya ce in ta yanke ba a murɗe ta, sai an sa mata kan ƙarfe mai zare daidai da kaurinta, a toshe yadda ruwa ba zai shiga ba. Ya roƙe ka ka naɗe inda fatar ta goge kawai, kada ka yanka. Ka dawo kana share gumi ka ce ƙwarzane ne, ka naɗe, an gama.

Adnan, ƙarya ka yi mana. Ka yanke taƙi guda ka jefar, ka murɗe jan ƙarfen da ragar yadda kake haɗa wayar fanka, ka lulluɓe da jan sikocin nan, salatif ɗin naɗe waya da ba ya rabuwa da aljihunka, ka tura mahaɗin bayan kwano inda ido ba ya kai. Karambanin akuya, gai da kura. Da baban Samiha ya warke ya so ya hau ya duba, sai ya fasa, ya ce bin bayan aikin suruki daidai yake da ƙaryata shi. Kunyarka ya ji, kai ba ka ji tasa ba.

Muddin ba a yi ruwa ba abin yana ɗan tafiya. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi sai ya tsiyaya cikin mahaɗin, washegari da safe Gwaggo ta cika. Ka san yadda muke yi, ba a bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, sanarwa ake kaiwa rediyo. An karanta ta sau huɗu kafin azahar, duk cikin gari an ji, muka sakankance. Ashe muryar ba ta wuce bakin gari ba. Baffa Issufu yana fadamar Madekali cikin shinkafarsa, rediyo rataye a wuya kamar kullum, ba abin da ke fita sai shuu. Da ya ji, da babur ya kawo shi kafin a gama wankan gawa, amma sai bayan kwana biyu ya ji a bakin wani mai kifi cewa an binne ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi shiga. Ya ce mun ware shi don shi talakan fadama ne. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Baban Samiha ya hau ya bi wayar taƙi taƙi har ya samu mahaɗin, jan ƙarfen ya yi kore, ruwa na ɗiga daga ciki. Na'urar ma ta ƙone wani sashe, domin ya ce ƙarfin da bai samu hanyar fita ba komawa yake yi ya bugi uwarsa. Kwamitin rediyo ya kira shi, aka ajiye guntun wayar mai mahaɗin, wanda ya yanko, a gabansa aka tambayi wanda ya yi wannan aikin. Ba wanda ya gan ka ranar, sai ya sunkuyar da kai ya ce nasa ne. Shekara goma sha ɗaya yana hawa ƙarfen nan, mutanen garin Gene har aiko masa suke yi ya haɗa musu kawunan waya, yau a kasuwa ana cewa bai san aikinsa ba. Ranar Alhamis mai zuwa za su zauna su yanke hukuncin sallamarsa. Na ce ya faɗi gaskiya, ya ce ba zai tsaya gaban mutane ya tona ƙanen matarsa ba, ko da zai koma dakon albasa.

Raina ya ɓaci da kai ɓacin da ban taɓa yi ba. Ni na goya ka, na san ba mugu ba ne kai, girman kai ne ya hana ka cewa ban iya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na fara zuwa wurinka kafin kowa. Lambar shugaban kwamitin tana bayan takardar nan. Ka kira shi kafin Alhamis ka gaya masa abin da ka yi da bakinka, sannan ka nemi yadda za ka yi ka zo ka durƙusa gaban Baffa. Na ɗauko guntun daga jakar aikin maigida na raba biyu da wuƙar kicin. Rabi yana cikin ambulan ɗin nan, ka duba sikocinka da kyau. Ɗaya rabin yana ƙasan akwatina, in Alhamis ta yi ba su ji muryarka ba, ni zan yafa mayafi in kai shi da hannuna, in faɗi sunanka a gaban kowa, ko da maigida zai yi fushi da ni.

Ka gaida Shamsiyya, ka ce na gode da sabulun da ta aiko. Ka gaida Kawu Latifu da iyalinsa in ka je kasuwar Dantokpa. Inna tana sa maka albarka, ba ta san kome ba tukuna. Samiha tana gaishe ka. Baban Samiha ma, da ya ga ina rubutu bai tambayi abin da ke ciki ba, ya ce dai in gaishe ka da kyau, in kuma tambaye ka ko tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka.

Wassalam, ni ce yayarka,
Rahina